Firintar da Oga ya ce ta ƙone

Ƙarshen watan nan zan bar shagon gyaran kwamfuta inda na koyi aiki, kuma yaran da za su gaje ni sun ce in bar musu wani abu a rubuce. To ku ji: yawancin firintocin da ake kawo mana wai sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Direba ne, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita, bai zauna ba, ko an haɗa shi da mashigar kebul da ba tasa ba.

Wata Hajiya, malamar makaranta mai ritaya, ta sayi HP LaserJet 1020 ta hannu don buga takardun Islamiyyar unguwarsu a gida. Tun 2005 wannan samfurin ya fito, amma har gobe ana rububinsa, saboda katirij ɗin 12A ko'ina akwai shi kuma ana sake cika shi. Sai dai tana da hali. Ba ta iya komai da kanta. Kwamfuta ce ke sarrafa shafin, ita ce ma ke tura mata manhajar aiki duk sanda aka kunna ta. In ba ainihin direbanta ba, koriyar fitila za ta yi ta ci, takarda ko motsi.

Oga da kansa ya je. Ya dawo ya ce bod ya ƙone, Hajiya ta kawo kuɗi a ba ta sabuwa, daga shagonmu mana. Ni aka tura in ɗauko gawa.

Kafin in zare kebul na leƙa. Direban wata LaserJet daban Oga ya zaɓa daga jerin Windows, wai lambarsu ta yi kusa, sannan ya bar mashiga a LPT1. Ita Windows ke fara nunawa in kana girkawa da hannu, alhali ta tsohon kebul mai faɗi ce, mai fil 25, wanda kwamfutar Hajiya ba ta ma da gurbinsa. Takardu sun taru a layi suna jiran ƙofar da babu ita.

Na goge abin da ya sa. Na tsayar da Print Spooler, wato ɓangaren Windows mai kula da layin takardun da ke jiran bugu, na share tarkacen da ke cikin spool\PRINTERS, na sake tayar da shi. Kwamfutar Windows 10 ce mai 64-bit, don haka irinsa na sauke daga shafin HP, na warware fayil ɗin. Daga nan Add a local printer, mashiga USB001, wato ta kebul na USB, na danna Have Disk na nuna masa fayil ɗin .inf. Shafin gwaji ya fito da ɗuminsa.

"Ɗana, ba ogan naka ya ce ta ƙone ba?"

"Mama, Allah ya sa da sauran kwananta."

A shago kuwa, gaban kwastoma: "Kai, wa ya aike ka gyara? Ɗaukowa na ce!" Kuɗin motar makon nan ban gan shi ba, kuma daga ranar sunana ya koma mai rawar kai. Har yau ban san wanne ya fi ci masa rai ba, cinikin da ya kufce ko yaron da ya gano LPT1.

Sauran ba su da yawa. Ku duba 32-bit ce ko 64-bit kafin ku sauke komai. Ban da shafukan da ke alkawarin sabunta direbobi duka a danna ɗaya. Kada ku baro gidan mutum ba ku buga shafin gwaji a gabansa ba.

Microsoft ta sanar tun 2023 cewa za ta janye sannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanonin firinta ta Windows Update, kuma ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin injinan da ke gidajen mutanenmu wataƙila sai an riƙa girka su da hannu, saboda haka ku tara direbobinsu a filas tun ana samu. Nawa da kuɗina na saya, da shi zan tafi.