Giyar baya ta daina gardama: inda na kai bayan mako biyu

'Yan uwa masu koyon gyaran keke, ga bayanin inda na kai da giyar baya, wadda ta hana ni sukuni tun farkon wata. Na rubuta shi yadda abubuwa suka zo mini, har da kwanakin da na ɓata, domin na san a cikinku akwai wanda yake tsugune gaban kekensa yanzu haka yana murɗa abin da bai kamata ya taɓa ba.

Keken nawa mai giya 8 ne a baya, kayan Shimano. Fayafan haƙoran sun tashi daga mai haƙori 11 zuwa mai 32, wato 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 32. Ciwon kuwa iri uku ne a haɗe. Wani lokaci in danna madannin canza giya sarƙa ta ƙi hawa babban faifai, sai ƙarar kar-kar-kar. Wani lokaci in saki, ta yi jinkiri kafin ta sauko ƙaramin faifai. Idan kuma na miƙe tsaye na taka da ƙarfi a hawan tudu, sai ta zame, feda ta faɗa ƙasa ba zato.

Rana ta farko da ta biyu duk a kan 'yar gangar nan suka ƙare, wadda ake murɗawa a wurin da wayar da ta taso daga madanni ke shiga direla, wato abin da ke ture sarƙa daga faifai zuwa faifai. Na san ƙa'idarta: in ka warware ta zuwa hagu waya ta ƙara tauri, direla ta matsa wajen manyan fayafai, in ka murɗa ta dama waya ta saki. Sai na yi ta murɗawa. In na daidaita ƙananan fayafai uku suka yi shiru, manya su kama ƙara. In na gyara manya, ƙanana su ɓaci. Na ɗauka hannuna ne bai iya ba, na ƙara rage murɗin zuwa rubu'in zagaye, har zuwa abin da bai kai rubu'i ba. Babu wurin da duka takwas suka yarda a lokaci guda.

Ku riƙe wannan alamar da kyau, domin ita ce abin da ya fi kome amfani a duk rubutun nan. Tazarar da ke tsakanin faifai da faifai a giya 8 ta Shimano milimita 4.8 ce, kuma kowane danni yana jan waya daidai gwargwadon da zai matsar da direla wannan tazarar. 'Yar ganga ba ta canza girman takun, tana matsar da dukan jerin ne gaba ɗaya, ciki ko waje. Saboda haka idan gefe ɗaya ya daidaita ɗayan ya ƙi, matsalar ba ta taurin waya ba ce. Yawanci wani abu ne ya karkace.

Rana ta uku na ajiye kayan aiki, na tsuguna a bayan keken na dube shi daga baya sosai. Direla tana da 'yan tayoyi biyu masu haƙora da sarƙa ke bi ta cikinsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya kamata su tsaya a layi ɗaya da faifan da sarƙa ke kai, sambal. Nawa na ƙasa ya leƙa ciki, wajen wayoyin ƙafa. Nan na tuna keken ya taɓa faɗuwa ta gefen dama lokacin da na jingina shi da bango. Ban ga ko ƙwarzane ba a lokacin, shi ya sa na manta.

Abin da ya lanƙwashe shi ne maratayi, ɗan ƙarfen nan da ke haɗa direla da gangar jikin keke. A yawancin kekunan yanzu da alminiyam mai taushi ake yin sa, kuma da gangan ne, domin in an faɗi shi ya lanƙwashe ko ya karye maimakon gangar jikin. Na so in kama direla da hannu in ja ta waje, amma na fasa, don hakan yana iya murɗe ita direlar kanta, a tashi da ɓarna biyu. Na aro ma'aunin maratayi daga wani abokin koyo. Doguwar sanda ce da ake ɗaurawa a ramin da aka cire direla, tana da ɗan tsinke a ƙarshenta da ke kaiwa bakin wili. Ana auna nisan tsinken da wili a sama, ƙasa, gaba da baya. Dabarar da ya nuna mini ita ce in riƙa juya ƙafar tare da sandar, ina aunawa a daidai bawul kowane lokaci, don kada karkatar wilin kansa ta ruɗe ni. Bambancin sama da ƙasa a nawa ya fi faɗin yatsa. Na riƙa danna sandar a hankali, kaɗan-kaɗan, ina sake aunawa, har bambancin ya koma ƙasa da milimita 4 a kowane gefe. Alminiyam ba ya son a lanƙwasa shi gaba da baya sau da yawa, yakan tsage. Duk wanda ya ga farin layi ko tsaga a jikin nasa ya sayi sabo kawai, kuma ya tafi da tsohon a hannu, domin kusan kowace gangar jiki da irin nata siffar.

Da na mayar da direla, rabin ƙarar ta tafi tun kafin in taɓa kome. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Saura jinkirin saukowa. Wannan ya ɗauke ni har rana ta shida kafin in gane shi, alhali dalilin a fili yake. Lokacin hawa zuwa babban faifai, yatsanka ne ke jan waya da ƙarfi, ko da datti a hanya za ta wuce. Lokacin saukowa kuwa babu mai jan ta sai sifirin ɗin da ke cikin direla, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. In waya tana cijewa a cikin kubenta, a saukowa za ka fara gani. Na kwance notin da ke riƙe waya, na kama bakinta da yatsu, na danna madanni ina sakewa. Ina jin tana tafiya da gargada kamar an zuba yashi. Da na zare ta, guntun kube na ƙarshe, mai lanƙwasa kusa da direla, cike yake da tsatsa da laka, kuma sili biyu na wayar sun tsinke a cikin madanni kusa da kan wayar.

Na sa sabuwar waya da sabon kube. A nan akwai kuskuren da na kusa yi: ina da ragowar kuben birki, na ce ai kube kube ne. Ba haka ba ne. Na birki faɗinsa yawanci milimita 5 ne, ƙarfen cikinsa a naɗe yake kamar sifirin, yana ɗan matsewa in an ja. Na giya yawanci milimita 4 ne, silin ƙarfensa a miƙe suke bin tsawonsa don kada tsawon ya canza ko kaɗan. In ka sa na birki a giya, dannin ba zai riƙa faɗawa daidai ba. In kuma ka sa na giya a birki, yana iya fashewa lokacin da ka fi bukatar tsayawa, wannan kam haɗari ne na gaske. Ku yanke kube da almakashin waya mai kaifi, ku buɗe bakin da tsinke in ya matse, ku sa hulunan bakinsa.

Tun da waya tana kwance, na yi amfani da damar na saita notunan iyaka guda biyu, masu alamar H da L. Da can ina jin tsoronsu, ashe aikinsu ɗaya ne tak: su hana direla wuce gona da iri. H yana tsare gefen ƙaramin faifai don kada sarƙa ta faɗa tsakaninsa da gangar jiki. L yana tsare gefen babba don kada ta faɗa cikin wayoyin ƙafa, kuma shi ne wanda ba a wasa da shi, don direla in ta shiga wayoyi ana cikin gudu, ƙafar baya tana iya tsayawa cak. Na murɗa H har 'yar tayar sama ta tsaya ƙarƙashin faifai mai 11. Na tura direla da babban yatsa ina juya feda har sarƙa ta hau mai 32, na ɗaure L har ya zama duk turawar da zan yi ba ta wuce nan. Noti na uku, B, shi ke saita nisan 'yar tayar sama da haƙoran babban faifai, na bar kamar milimita 5 zuwa 6. Ku sami sukundireba da ta zauna daram a kan notunan nan, kansu yana saurin cinyewa.

Sai a nan 'yar ganga ta zo da aikinta. Na mayar da madanni giya mafi nauyi, wato faifai mai 11, na murɗa gangar ciki gaba ɗaya, na dawo da ita zagaye biyu don in sami wurin motsi ta kowane ɓangare. Na ja waya da yatsu har ta miƙe, na tabbatar ta kwanta a ɗan kwarin da aka yi mata ƙarƙashin noti, na ɗaure da alanki mai lamba 5. Danni ɗaya, sarƙa ta yi shakka tsakanin 11 da 13. Rubu'in zagaye hagu, sake rubu'i, sai ta hau. Na ci gaba har na fara jin tana gogar mai 15, sannan na koma baya har ƙarar ta ɗauke. Na bi takwas ɗin sama da ƙasa sau uku. Abin da ya ci mini kwana biyu a farko bai kai minti biyar ba.

Zamewar sarƙa a hawa ce kaɗai ta rage, ita kuma ba ta da alaƙa da saiti. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, saboda haka tazara 24 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, milimita 304.8. Na auna tawa da rula tana a miƙe, na ga ta wuce da kusan milimita 3. Ga sarƙar giya 8, da zarar ƙarin ya kai kashi 0.75 cikin 100, wato milimita 2 da 'yan kai a wannan tsawon, lokacin canji ya yi. Tawa ta wuce nan da daɗewa. Na sa sabuwa a rana ta goma, na lissafa tsawonta da adadin gaɓoɓin tsohuwar.

Jiya na fita gwaji mai nisa. Canjin giya lafiya lau, hawa da sauka, ba ƙara. Amma a faifai mai 15 da mai 18, waɗanda na fi zama a kansu, sabuwar sarƙar tana tsalle in na taka da ƙarfi, sauran shida kuwa shiru. Na duba haƙoransu, kwarin da ke tsakaninsu ya buɗe, sun ci daidai da tsohuwar sarƙa, sabuwar ba ta samun wurin zama. Dole in canza jerin fayafan gaba ɗaya. Wannan yana bukatar makullin zoben da ke riƙe su da kuma bulalar sarƙa da ake danne su da ita don kada su juya, kuma ban taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ne aikin mako mai zuwa. Kafin nan ina taka mai 21 a hawa, a zaune.