Shekara biyu ina neman hoton Ahmed Musa

Ranar 22 ga watan Yuni na 2018 muna fadarmu a unguwar Zariya da ke Maraɗi, shayi na kan wuta, Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. Ko a Kano ban ce an fi mu ihu ba. Bayan wata guda ɗan yayana da ke karatu a Faransa ya zo hutu, ya miƙo mini tsaraba: kundin sitika na Panini na gasar kofin duniya ta Rasha, da fakiti arba'in. Ya ce, "Kawu, na san ka da son ƙwallo, ga abin ɗebe kewa."

Kamfanin Panini na garin Modena ne a Italiya, kuma tun gasar Meziko ta 1970 yake buga irin wannan kundi. Na 2018 gurbi 682 gare shi, kowane fakiti hoto biyar. Ko da babu wanda ya maimaitu, sai ka buɗe fakiti 137, kuma maimaituwa dole ce. Na manna abin da na samu, shafin Najeriya ya fara cika, amma gurbin Musa fayau.

Na zagaya babbar kasuwa rumfa rumfa. Masu kayan lekol suka ce ba su taɓa gani ba, masu rigunan ƙwallo suka nuna mini manyan hotunan manna wa bango. Wani yaro ya ce zai samo mini daga Kano in na ba shi jika biyar. Na ba shi. Abin da ya kawo ya yi kyau daga nesa, amma da na ɗora shi kusa da na Iwobi sai na ga koren rigar ya dushe, harufan sunan sun yi gashi-gashi, takardar bayan kuwa fara fat, babu lamba, babu tambarin kamfani. A injin buga hoto aka yi shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tun daga ranar bayan hoto nake fara dubawa kafin fuskarsa, kuɗina kuma ba ya fita sai na riƙe abu a hannu, ko an nuna mini gaba da baya a bidiyo.

Sai na gane cewa wannan harka ba ta saye ba ce kawai, ta musaya ce. Hotunan da suka zo mini biyu-biyu, waɗanda na watsar a aljihun tebur, su ne jarina. Na jera lambobin da nake nema a takarda ɗaya, waɗanda nake da rararsu a wata, na shiga zaurukan masu tarawa a Facebook. A nan na koyi cewa masu ƙyalli, irin tambarin ƙasa, ba a ba da su ɗaya da ɗaya, sai ka haɗa biyu ko uku na ƴan wasa. A nan kuma na san bambancin sitika da kati mai kauri irin Adrenalyn XL ko Match Attax, wanda ba a manna shi, a leda ake adana shi. Har kamfani akwai a Amurka, PSA, da ke auna lafiyar kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, kuma lanƙwasar kusurwa ɗaya tana rage masa daraja.

Wannan ma sai da ya ci ni. Ina da Mbappé guda biyu, yaron da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe yana shekara 19. Na bar na rarar cikin ambulan a kan taga, zafin watan Afrilu ya nannaɗe shi, gam ɗin ya tsattsafo, ƙura ta like a gefensa. Wani ya so shi, ya ga hotonsa ya fasa. Yanzu kowanne yana cikin ledarsa, cikin gwangwanin biskit, a ƙasan akwati inda rana da gara ba sa kaiwa.

A ƙarshe wani malamin makaranta a Kano ya ce yana da Musa biyu, shi kuma tambarin Senegal yake nema, ina da shi. Mun daidaita kenan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019. Motocin Ɗan Isa da Jibiya suka yi ƙaranci, ni kuma ban yarda in damƙa shi ga wanda ban sani ba. Fiye da shekara muna gaisawa a waya, kowa na riƙe da amanar ɗan'uwansa. An yi masa tayin kuɗi a kai, ya ce ya riga ya yi wa mutumin Maraɗi alkawari.

Da aka buɗe iyaka a Disambar 2020, wani direba maƙwabcina ya tafi da nawa ya dawo da nasa, an sa shi tsakanin kwali biyu an naɗe da salatif. Na juya bayansa, lamba ta yi daidai da ta gurbin. Na wanke hannu, na ɓare takardar a hankali, na fara ɗora kusurwar sama, sannan na shafe shi da gefen babban yatsa. Saura gurbi goma sha ɗaya a kundin, uku daga ciki a shafin Panama.