Wasiƙa daga Amurka: ranar da na zauna a teburin wasan ɗana

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya yara. Mu nan sanyi ya kankama, kafin biyar na yamma duhu ya rufa, dole mutum ya nemo abin da zai yi da yara a cikin gida in ba haka ba waya ce za ta raine su. To wannan ne ya sa na ce bari in rubuto muku kan wani wasa da ya shigo gidana shekara biyu da suka wuce, wanda da farko na ce sam ba a gidana ba, yanzu kuma ni ne ke share tebur ranar Asabar.

Sunansa Dungeons & Dragons, a taƙaice D&D suke cewa. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da takarda da fensir, kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya da zai zama shi a cikin labari, ya ba shi suna, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da abin da ya iya da lambobi. Sai mutum ɗaya, shi ne Dungeon Master, ni dai mai jan labari nake ce masa, ya ce misali "kun iso bakin gada, ga mai gadi ya tare hanya, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, in abin na da wuya sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya yi nasara ko ya faɗi. Ba allo ba batir, ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ya ci wani, duk tafiya ɗaya ake yi.

Ɗana yana shekara 11 ya dawo daga gidan abokinsa da wata 'yar jaka cike da 'ya'yan lido kala-kala, mai fuska 4, mai 6, mai 8, mai 10, mai 12 da mai 20, da littafin aro wanda bangonsa wani ƙaton dodo ne. Gaskiya gabana ya faɗi. Abu biyu suka zo mini, caca da sihiri. Na ce ya mayar, ya mayar bai yi musu ba, amma kwana uku yaron nan ba ya cikin walwala, kuma dama shi ba mai yawan magana ba ne, tun zuwanmu abokinsa ɗaya tak.

A wurin aiki na tambayi wasu mutum biyu da na san suna yi, dukansu sun haura hamsin, kuma abin da ya ba ni mamaki ban tambaye su iyayensu ba amma kowannensu da labarin iyaye ya fara. Na farkon ya ce babansa ne ya sayo masa wani jan akwatin wasan na masu koyo da ya fito a 1983, baban bai taɓa yin wasan ba amma ya zauna ya karanta littafin ƙa'idojin kaf da daddare don ya ja musu labari shi da ƙanensa, ya ce har yau in ya ji ƙarar ɗan lido a kan katako muryar babansa yake ji, baban ya rasu da jimawa. Na biyun nata akasin haka ne, mamanta ta kwashe littattafan ta zuba a shara bayan ta ga wani shiri a talabijin, ita kuwa ba ta daina ba, sai dai ta koma yi a ɓoye a gidan ƙawaye har ta gama sakandare, kuma ta ce abin da ya fi ci mata rai ba littattafan ba ne, maman ba ta taɓa cewa zo ki nuna mini yadda ake yi ba.

Wannan tsoro na iyaye yana da tarihi a ƙasar nan. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace a jami'ar jihar Mishigan, jaridu suka yi ta danganta abin da wasan, daga baya aka gano ba shi ne sanadi ba amma zancen ya riga ya yaɗu. A 1982 wata mata mai suna Patricia Pulling ta rasa ɗanta, ya kashe kansa, ta yi imani wasan ne ya jawo, ta kai ƙara kotu ta kori ƙarar, ta kafa ƙungiya a 1983 don yaƙi da wasan, har shirin talabijin na 60 Minutes ya yi magana a kai a 1985. Ni ba na ganin laifinta wallahi, uwa ce da ta binne ɗa tana neman dalili, kuma wanda bai taɓa shiga irin wannan halin ba bai kamata ya yi mata dariya ba. Matsin lambar ta kai kamfanin TSR mai wasan a lokacin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun da ya fitar a 1989. Kun ga kenan iyaye sun taɓa canza har abin da ke cikin littafin.

Wani abin kuma, shi kansa wasan a hannun uba da 'ya'yansa ya tashi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙire shi, aka buga a 1974, kwafi 1,000 kacal a karon farko a kan dala 10, daga wani ƙaramin gari Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Kuma lokacin da Gygax ke gwada ƙa'idojin, ɗansa da 'yarsa ne suka fara shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na cikin labarin da ya zana a takarda, a gidansa. Da na ji wannan sai na ce to ni me zai hana ni in duba da idona.

Na ce wa yaron ya sake aro littafin. Sati guda ina karantawa bayan isha, akwai wuraren da ban so ba kuma har yanzu ba na so, maganar gumaka da masu kiran matattu da su bokaye, na ce masa waɗannan ba za su shiga labarinmu ba, kuma abin da ban sani ba a da shi ne wasan ya yarda da haka, mai jan labari shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita, littafin da kansa yana cewa ƙa'idojin a hannunka suke. Wanda ma ba ya son sihiri kwata-kwata akwai wasu irinsa, kamar Traveller da ya fito tun 1977, shi labarin jiragen sararin samaniya ne da fatauci tsakanin duniyoyi.

Zamanmu na farko ni da shi da ƙanwarsa mai shekara 8, mamansu tana gefe tana ninke kaya tana ji. Na kawo su bakin gadar nan, na ƙara murya na ce ni ne mai gadi ba mai wucewa. Yaron ya ce zai zare takobi, ita kuwa yarinyar ta ɗaga hannu kamar tana aji ta ce "Baba tsaya, ni tambayarsa zan yi me ya sa ya hana mutane wucewa, ko wani abu ke damunsa?" Ban shirya wannan ba sam, littafin bai ce komai a kai ba, nan take na ƙirƙiro cewa akuyarsa ce ta ɓata shi ya sa ransa a ɓace. Ta jefa ɗan lidon ya mirgina ya bugi kofin ruwa ya tsaya a 17, ta tsaya tana ƙirga da yatsu ta ƙara 2 na wayon mutuniyarta ta yi ihu ta ce 19! Awa biyu muka yi muna neman akuya a daji. Yaron da ba ya magana shi ya zana taswira, shi ya tsara wa zai shiga kogo wa zai tsaya gadi, yana ta zuba ina kallonsa kamar ban san shi ba.

A sati na uku mamansu ta ajiye ninkin ta ce a ba ta takarda ita ma.

Ba ina cewa kowa ya je ya nemo wasan ba ne, littattafan na da tsada kuma yawanci da Turanci suke, duk da dai kamfanin da ke da shi yanzu, Wizards of the Coast, ya sa ƙa'idojin farko kyauta a intanet, kuma ɗan lido ko a waya ana iya jefawa. Abin da na lura kawai shi ne duk wanda na tambaya yadda ya fara, ko dai wani babba a gida ya zauna da shi, ko kuma ya hana shi ya je ya yi a inda ba a ganinsa. Ni na kusa zama na biyun, kuma da na zama, da ban taɓa sanin abin da ake gaya wa ɗana a teburin wasu ba, balle in ji yadda 'yata ke tunani in an tare mata hanya.

Asabar mai zuwa yaron ne zai ja labarin a karon farko. Yana da wani littafin rubutu da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, jiya na hango shafi ɗaya da yana rufewa, tsibiri ne da jiragen ruwa uku. Ya ce in ƙirƙiri matuƙin jirgi kuma kar in sake in leƙa, na ce masa to.

A gaida kowa da kowa, sai wani jiƙon.

Naku a kullum, daga Amurka.