Kwamitin makaranta da 'ya'yan baƙi a Legas

A Agege da Idi-Araba da Mile 12, duk wanda ya fito da hantsi zai ga yara 'yan shekara 7 zuwa 12 suna yawo a bakin kasuwa, alhali tsararsu suna cikin aji. Wasunsu a nan aka haife su, wasu iyayensu ci-rani ne ya kawo su daga Sakkwato ko Katsina ko Jamhuriyar Nijar, wasu kuma rikicin Boko Haram ne ya raba su da garuruwansu a Borno da Yobe. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin doka ba ta rufe wa ko ɗaya daga cikinsu ƙofa ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara 9, wato 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas ga kowane yaro, sannan ta ɗora wa iyaye alhakin kai shi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja tana karɓar kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, ta raba wa jihohin da suka zuba nasu kason. A nan Legas hukumar LASUBEB ce ke kula da makarantun firamare na gwamnati, ta hannun ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 20.

Sai dai yaron da ke talla a Mile 12 bai san da waɗannan hukumomi ba, su ma ba su san da shi ba. Wanda zai iya saninsa shi ne kwamitin gudanar da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda shugaban makaranta yake zama da wakilan malamai da na iyaye da na ɗalibai, da masu unguwa, da malaman addini, da wakilan mata da na masu sana'a. Legas tana cikin jihohi 6 da shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya taimaka wajen ƙarfafa waɗannan kwamitoci, tare da Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Enugu. Aikin kwamitocin ya haɗa da gano yaran unguwa da ba sa zuwa makaranta, da bin sawun wanda ya daina zuwa, da kai koken makaranta ga ofishin ilimi.

Abubuwan da ke hana ɗan baƙo karatu sau da yawa ƙanana ne, irin waɗanda kwamiti zai iya warwarewa a zama guda. Uba ya je sa ɗansa, aka tambaye shi takardar haihuwa, ba shi da ita, sai ya juya gida yana zaton magana ta ƙare, alhali da akwai mai nuna masa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ya samo ta. Akwai kuɗin kayan makaranta da takalmi. Akwai iyalan da ke komawa gida da damina, su dawo bayan zangon karatu ya yi nisa. Akwai kuma batun harshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma ban ga aibu a ciki ba, don wanda zai rayu a Legas yana buƙatarsa. Amma yarinyar da ta zo daga Gwoza ba Turanci ba Yarabanci tana buƙatar wanda zai riƙa hannunta a watannin farko, ko da babbar ɗaliba ce mai jin Hausa, kuma irin wannan shiri kwamiti ne ke iya ba da shawararsa. Haka nan makarantar allo: idan liman yana cikin kwamitin, ba wuya a daidaita lokaci, boko da safe, allo da yamma, kamar yadda ake yi a Kano da Zariya.

A nan ne nake ganin sakacinmu. Mun iya kafa ƙungiyar 'yan albasa da ta 'yan shanu da ta 'yan canji, kusan kowace unguwa tana da Sarkin Hausawa, amma kujerar kwamitin makaranta mun bar wa maƙwabtanmu, su kuwa abin da suka sani shi za su kawo a tattauna. Ina roƙon sarakunanmu da limamai su aika wa shugabannin makarantun unguwanninsu, su tambayi ranar zaman kwamitin, su miƙa sunan mutum mai jin Yarabanci ko Turanci. Kada kuma a manta da mace a ciki, domin ita ce ke shiga gidaje, ita ce ta san wace yarinya aka ɗora wa farantin talla tun kafin ta gama aji uku.