Aikin kallon mutane suna buga gem

Ranar da na faɗa ma Inna aikin da na samu a Montreal ta yi shiru a waya, can ta ce to yanzu duk karatun nan kallon masu wasa ka tafi yi? Na rasa abin cewa wallahi, don kusan hakan ne.

Daga Maraɗi na taso na sauka Kanada a Janairu, sanyi ya kai 20 ƙasa da sifili, ga Faransancin da nake taƙama da shi ashe na Kebek, lardin da Montreal take, wani abu ne daban, direban bas sai ya maimaita mini magana sau uku kafin in kama. Amma garin cike yake da kamfanonin gem, tun da Ubisoft ta buɗe ofis a 1997 gwamnatin Kebek kuma tana sauƙaƙa musu haraji wasu suka yi ta biyo baya, a wani ƙarami daga cikinsu na samu gurbi, ɓangaren masu binciken yadda ɗan wasa ke ji da gem tun kafin ya fita kasuwa.

Ana gayyato mutum shida ko takwas, su sa hannu a takardar rufe baki, a zaunar da su gaban kwamfuta, mu muna ɗakin baya ta gilashin da muke ganinsu su ba sa ganinmu, kamara na ɗaukar fuska da allo. Wani lokaci a ce su riƙa faɗin abin da ke ransu suna bugawa. In sun gama su cika tambayoyi, maki 1 zuwa 5.

Doka ɗaya ce ta wahalar da ni, ba a taimaka ma ɗan wasa. A satina na biyu wata yarinya ta yi minti 12 tana zagaye ɗaki ɗaya a cikin gem ɗin ƙofa na kusa da ita ba ta gani ba, ni ko a gida aka tarbiyyantar da ni in baƙo ya ɓata ka raka shi har bakin zaure, na shiga kai mata ruwa sai bakina ya suɓuce na ce duba hagu. Shugabarmu ba ta yi faɗa ba, kawai ta nuna mini takardar da muke rubuta abin da muka gani ta ce bayanan wannan matakin sun tashi aiki, ɓatan yarinyar ai shi muka zo nema. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Abin da na gane da wuri kuwa shi ne kara, ashe su ma suna da ita. Mutum ya mutu sau 14 a wuri ɗaya yana tsaki, ka tambaye shi ya ce ya yi daɗi, kamar baƙon da aka ba tuwo ba gishiri. Shi ya sa muke haɗa maganarsa da taswirar da kwamfuta ke fitarwa, inda aka fi mutuwa ya yi ja zur. Rahoton da muke kai ma masu ƙera gem ɗin kuma matsaloli ne a jere daga mai hana ci gaba zuwa mai ɗan ban haushi kawai, sai dai gaskiya ba kowa ke karantawa ba, ɗan bidiyon daƙiƙa 40 na mutum yana dafe kai ya fi saurin motsa su.

Ƙofar nan dai sun sa mata fitila a sama. Ranar Talata za mu sake gwadawa da sababbin mutane, ni aka ba riƙon takarda, ruwa kuma wani zai kai.