Daren Guduma a Birnin Porto

Ranar 23 ga Yuni na hau jirgin ƙasa daga Lisbon zuwa Porto a arewacin Fotugal, tafiyar kusan awa uku. Jajibirin bikin São João ne, wato Yohanna Mai Baftisma a wurin Kiristoci, wanda mu Musulmi muka sani da Annabi Yahaya. Coci ta tsayar da 24 ga Yuni a matsayin ranar haihuwarsa, wata shida kafin Kirsimeti, amma shagalin duk a daren jajibiri yake.

Tun la'asar hayaƙi ya turnuƙe lunguna. Kowace ƙofar gida an hura gawayi ana gasa kifin sardin, a ɗora shi kan burodin masara, mai yana bin yatsu. Giya kam ba a magana. Ni dai na tsaya kan kifi da ruwan lemo.

Ina gangarowa unguwar Ribeira a bakin kogin Douro sai na ji ƙwal a ƙeya, haɗe da 'yar ƙara kamar kukan tsako. Na waiwaya a fusace, sai ga tsohuwa da gudumar roba tana ƙyalƙyala dariya. Ashe kowa da tasa. Yaro ya ƙwala wa dattijo, dattijo ya rama, ba mai ɗaure fuska, sai ka ce wasan jika da kaka ne ya game gari. Gudumar ma baƙuwa ce, a shekarun 1960 ta shigo. Kafin ita, wani dangin albasa mai dogon kara da fure a ka ake goga wa mutum a fuska, kuma har yau akwai masu yi. Warinsa ya sa na gwammace gudumar.

Ana kuma sayar da ɗoɗɗoya a 'yan tukwane, an soka takarda mai baitin soyayya. Mai sayarwa ta hana ni kai hanci: wai shafawa ake yi da tafin hannu, sannan a sunsuna hannun, in ba haka ba ta bushe.

Sha biyun dare aka saki wasan wuta ta wajen gadar Dom Luís, balan-balan na takarda masu wuta a ciki suna ta tashi sama. Samari suna tsallake wutar da aka hura a wasu unguwanni, wasu suka nausa a ƙafa zuwa bakin teku don jiran fitowar rana. Ƙafata ba ta kai can ba. Na sayi gudumata, na ƙwala wa duk wanda na ci karo da shi har masauki.