Yadda na fitar da mabuɗin rasitin ƙungiyarmu na sa masa kalmar sirri

Ƙungiyar manomanmu da ke ƙasar Gumel tana da sito inda ake ajiye riɗi da zoɓo bayan kaka. Kowa ya kawo buhunansa sai a ba shi rasit, ya jira farashi ya tashi. Da yake hatimin roba ba wuyar kwaikwayo gare shi ba, sai na rubuta mana 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python, wadda ke sa wa kowane rasit hannu na lantarki da tsarin Ed25519 ta hanyar laburaren cryptography, wato tarin umarnin Python na tsare bayanai, ta buga shi cikin lambar QR. Mabuɗi biyu ne: na sirri mai sa hannu, da na fili mai tantancewa, wanda muka zuba a wayoyin masu kula da sito. Na sirrin kuwa yana cikin kwamfuta ɗaya tal, wadda ke shan ƙurar hunturu da zafin bazara. Dole a yi masa kwafi a ajiye.

Fitar da shi aikin layi huɗu ne. Ana kiran umarnin private_bytes, a gaya masa abu uku: a rubuta da PEM, wato a matsayin rubutun haruffa, a tsara da PKCS8, ƙa'idar ajiye mabuɗin sirri, sannan a zaɓi yadda za a kulle. A nan ne ake yaudarar kai. In ka zaɓi NoEncryption, fayil zai fito cike da haruffa marasa kan gado, ka ɗauka a ɓoye yake, alhali base64 ne kawai, wato hanyar mai da bayanai haruffa ba tare da kulle su ba, duk wanda ya kwafa ya mallaki mabuɗin. Ni BestAvailableEncryption na zaɓa. Na buɗe fayil ɗin na duba layin farko da idona: in ya ce BEGIN ENCRYPTED PRIVATE KEY, an kulle, in BEGIN PRIVATE KEY kaɗai ya ce, a buɗe yake.

Abin da laburaren ke yi shi ne ya tace kalmar sirrinka ta PBKDF2, wato lissafin da ake maimaitawa zagaye-zagaye, ya samo wani mabuɗin, ya kulle naka da tsarin ɓoye bayanai na AES-256. Sai dai zagayen tacewar da OpenSSL, manhajar da laburaren ke dogara da ita, ya saba yi 2,048 ne, yayin da OWASP, wata ƙungiyar tsaron manhajoji, ke ba da shawarar 600,000 ga PBKDF2 mai SHA-256 wajen adana kalmomin sirri. Wato wanda ya tsinci filashin da na ajiye kwafin a kai zai iya yi ta canke a kwamfutarsa cikin sauri, ba mai tsayar da shi bayan kuskure uku irin na katin ATM. Saboda haka ƙarfin duka yana ga kalmar.

Da na faɗi haka a zama, shugabanmu ya ce, "To ɗana, a sa sunan garinmu da shekarar da aka kafa ƙungiya mana, ba mai mantawa."

Na ce, "Baba, ai ɓarawo ma da nan zai fara."

Ayar Alƙur'ani ko karin magana ma ban yarda ba, don duk abin da ke rubuce a wani wuri ana iya loda wa na'ura ta gwada. Na bi dabarar Diceware ta 1995, mai jerin kalmomi 7,776 da ake zaɓa da ƙuri'a. Na tara kalmomin Hausa 2,000, na bar secrets.choice, umarnin Python mai zaɓen kan mai uwa da wabi, ya zaɓo shida, ban sa son raina ba. Adadin yiwuwarsu ya kai 64 da sifili 18 a bayansa.

Na cire duk kalma mai ƙ, ɗ ko ɓ, da masu ɗauri irin 'ya'ya. Laburaren ba haruffa yake karɓa ba, bytes yake karɓa, wato lambobin da kwamfuta ke ajiye haruffa da su, kuma "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ranar da aka zauna gaban allon rubutun da babu masu lanƙwasa, ko waya ta mai da ɗauri miƙaƙƙe ya zama karkatacce, kalma daidai ce a baki amma ba za ta buɗe ba. Ban kuma rubuta ta cikin manhajar ba. Getpass, umarnin Python mai karɓar kalmar sirri ba tare da nuna ta a allo ba, ke tambaya duk safiya.

Kafin in ce an gama, na kai filashin kwamfutar wani ƙanena, na loda da load_pem_private_key, na sa hannu a rasit na gwaji, wayar sito ta amince. Na gwada kalmar ƙarya, ya ƙi buɗewa, ya ba ni saƙon kuskure na ValueError. Na bar ta babu komai, TypeError. Haka nake so.

Filashi yana wurin ma'aji, takardar kalmar kuma cikin ambulan a liƙe wurin shugaba, ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Ma'aji ya so a yi kwafi biyar don gudun ɓata, na ƙi. Mabuɗin sa hannu in ya ɓace, sai a ƙirƙiri sabo, tsofaffin rasitai kuma na ci gaba da tantantuwa da tsohon mabuɗin fili. In aka sace shi ne, wani zai buga rasit na buhu ɗari da bai taɓa nomawa ba, waya ta ce sahihi ne. Muka tsaya a kwafi ɗaya, kuma aka rubuta a littafin ƙungiya cewa duk ranar da aka ga ambulan a yage, a ranar za a canza mabuɗin.